Gashi Ko Ƙanƙara?

Ran Asabar da ta wuce, a filin ƙwallo, wani ɗan ajinmu ya taka ba daidai ba, ƙafarsa ta gurɗe, ya yi targaɗe a idon sawu. Kafin a ce kwabo an tafasa ruwa, an kawo tsumma, aka shiga yi masa gashi yana cije baki. Da gari ya waye ƙafar ta kumbura, ko takalmi ba ya shiga. Ni ne na riƙe kwanon ruwan, saboda haka ba wani na ke zargi ba.

Jama'a, ya kamata mu duba al'amarin nan da kyau, gama gobe mu ne za mu tsaya a kan yara wajen wasa, watakila a ƙauyen da asibiti ya ke da nisa. Sa'ad da mutum ya yi targaɗe, ƙananan jijiyoyin jini su kan tsage daga ciki, jini da ruwa su taru a wurin. Shi ne kumburi. To, zafi buɗe jijiyoyin jini ya ke yi, jini ya ƙara kwararowa. Watau wanda ya gasa sabon targaɗe ya ƙara wa Barno dawaki ne. Sanyi kuwa ya kan tsuke su, ya kuma kashe raɗaɗi.

Don haka a ganina, cikin kwana 2 na farko a bar ruwan zafi. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma, a ɗora minti 10 zuwa 20, sa'an nan a ɗauke. Kada a sa ta a kan fata tsirara, gama ita ma tana ƙuna. In babu ƙanƙara, a jiƙa tsumma da ruwan randa, a ɗaga ƙafar bisa matashi.

Amma kada masu ƙanƙara su cika baki. Wani likita a Amurka, Gabe Mirkin, shi ya yaɗa ka'idar nan ta hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga gaɓa cikin 1978. Cikin 2014 shi da kansa ya komo ya ce yawan ƙanƙara yana iya jinkirta warkewa, domin kumburin ma yana cikin aikin da jiki ke yi na gyaran kansa. Ashe amfaninta rage zafin ciwo ne, ba ita ke warkarwa ba.

Gashi fa? Lalle yana da wurinsa. Bayan da ya ƙage daga noma, wuyan da ya riƙe, tsohon targaɗen da kumburinsa ya saɓe, duk ɗumi su ke so, gama yana sakin nama. Iyayenmu ba su yi kuskuren magani ba, mu ne mu ka yi kuskuren lokaci.

Abu ɗaya kada malami ya manta: yaro mai sikila ba a sa masa ƙanƙara ko kaɗan, sanyi yana tayar masa da ciwo. In kuwa yaro ya kasa taka ƙafar, ko ka ga gaɓar ta karkace, a bar gardamar zafi da sanyi, a kai shi asibiti. Abokin namu dai har yau da sanda ya ke zuwa aji, in mun gamu kuma sai ya tambaye ni ina kwanona.