Yaron da Aka Ba Fiziks Maimakon Likitanci

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunaye, wasu gidaje kan yi tsit kamar an yi rasuwa, wai yaro ya nemi likitanci an ba shi fiziks. Da iyayen nan nake magana yau.

Akwai fannin da ake kira likitancin nukiliya. A nan ana yi wa majiyyaci allurar ɗan sinadari mai fitar da hasken da ido ba ya gani, kyamara ta bi sawunsa, a ga yadda ƙoda ko zuciya ke aiki, ko sankara ta kai ga ƙashi. Da aidin-131 kuma ake maganin wasu cututtukan maƙoƙo.

Sinadarin da aka fi amfani da shi, teknishiyam-99m, ba ya jiran kowa: duk awa 6 rabin ƙarfinsa ya tafi. Abin da aka haɗa da hantsi, kafin la'asar ya koma rabi. Don haka likita shi kaɗai hannunsa a ɗaure yake. Sai da masanin haɗa magunguna da zai shirya allurar a kan lokaci, da ma'aikacin ɗaukar hoto, da masanin fiziks da zai gwada kyamara, ya auna abin da zai shiga jikin mara lafiya, ya kula kada ma'aikata su kwashi fiye da ƙima.

Hanyar likita doguwa ce: shekara 6 a jami'a, aikin sanin makama, sannan shekarun ƙwarewa, waɗanda da dama daga cikin namu suka yi a Afirka ta Kudu da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Mai fiziks kuwa digiri na biyu yake bukata a fiziks na asibiti, da horo a gefen masu aikin. Ɗaukar hoto ana karanta shi shekara 5 a Kano, Sakkwato da Maiduguri.

Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashensa na likitancin nukiliya a 2006, Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ma yana da nasa, haka Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Mu kuwa a Arewa tun 2004 muke da tukunyar nukiliya ta bincike a Zariya, amma hankalin gwamnoninmu na kan na'ura, ba kan horar da mutane ba, don ita ake yanka wa zare a gaban 'yan jarida. Ana iya sayo kyamara cikin 'yan watanni, amma wanda zai sarrafa ta sai an yi shekaru ana rainonsa. Hukumomin tallafin karatu na jihohi su ware kujeru da sunan waɗannan fannoni, su kuma tanadi albashin da zai hana yaran ficewa Saudiyya ko Ingila da sun gama.