Ihunmu a Bakin Fili Ne Ke Kayar da Yaran Dakoro a Tseren Dogon Zango

Ni malami ne a wata makarantar sakandare a nan Dakoro, a jihar Maradi. Ba ni nake koyar da wasannin motsa jiki ba, amma duk ranar da aka shirya tseren dogon zango tsakanin ɗalibai, wanda muke kira kuros, ina cikin waɗanda ake tsayarwa a bakin hanya don nuna wa yara inda za su karya kwana. Abin da na gani daga wannan tsayuwa ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin na gamsu cewa mu manya muna da babban laifi a faɗuwar yara da dama a wannan tsere, kuma ni ma ina cikin masu laifin.

Akwai wani ɗalibina da ke shirin jarrabawar BEPC a lokacin. Kullum daga ƙauye yake zuwa makaranta a ƙasa, ya koma a ƙasa, kuma kowa ya san ba a kamo shi a gudu. Ranar tseren, wanda ya kai kamar kilomita 4, ana busa usur ya fita kamar an harba kibiya. Kafin a kai inda nake tsaye ya ba na biye da shi rata mai yawa. Mahaifinsa na gefe a kan babur yana ihu, abokansa na ihu, ni ma na ɗaga murya ina cewa "ƙara wuta, kada ka bari su kamo ka!" Ya kuwa ƙara. A zagaye na ƙarshe sai ga shi yana tafiya da ƙyar, hannu riƙe da haƙarƙari, yara na wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ci tseren wani siririn yaro ne da ban ma lura da shi ba a zagayen farko. Bayan kwana biyu ɗalibin nawa ya ce mini: "Mushe, na bar gudu, ashe ba ni da zuciya." Bai sake shiga tsere ba har ya bar makarantar.

Yaron nan yana da zuciya, yana da ƙafa. Abin da ya rasa shi ne wanda zai koya masa yadda ake raba ƙarfi a kan nisa. Mu kuwa da ya kamata mu koya masa, mu ne muka zuga shi ya ƙarar da guzurinsa tun a bakin gari.

Dalilin abin a jiki yake. Idan mutum ya fita da gudun da ya fi ƙarfin numfashinsa, tsoka na ci gaba da aiki alhali iskar da huhu ke kawo mata ba ta isa ba. Bashi ke nan jiki ya ci, kuma bashin ba ya jira. Nan da ƴan mintoci cinya ta yi nauyi, ƙirji ya ɗau zafi, sai gudun ya mutu. Abin da yaro ya ribata na sakan 15 ko 20 a farko yakan biya shi da minti guda ko fiye a ƙarshe. A Dakoro kuma bashin ya fi tsada, domin ƙasarmu rairayi ce. Duk takun da aka yi cikin yashi mai laushi yana cin ƙarfi fiye da wanda aka yi a ƙasa mai tauri, ga iskar hunturu da ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu, ga zafin da ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Kada wani ya ɗauka kuskuren yara ne kawai. Ranar 26 ga Maris 2017 aka yi gasar kuros ta duniya a Kampala, babban birnin Yuganda. Ɗan ƙasar, Joshua Cheptegei, ya tsere wa kowa a tseren manya na kilomita 10, dubban mutanensa na masa ihu, har aka shiga zagaye na ƙarshe yana gaba. Kafin a kai ƙarshe ƙafafunsa suka ƙi, ya riƙa tangaɗi kamar zai faɗi. Geoffrey Kamworor na Kenya ya wuce shi ya ci, shi kuwa ya ƙare a matsayi na 30. Bambancinsa da ɗalibina shi ne ya samu masu zaunar da shi su duba inda aka yi kuskure. A 2019, a garin Aarhus na ƙasar Denmak, ya ci wannan gasa, a 2024 kuma ya ɗauki zinare a tseren mita 10,000 na wasannin Olimfik a Paris. Haka nan lokacin da marigayi Kelvin Kiptum na Kenya ya kafa tarihin gudun famfalaki a Shikago a 2023 da awa 2 da sakan 35, rabin tseren na biyu ya fi na farko sauri. Manyan duniya a wannan fage da lissafi suke gudu.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, don mun sha yin wannan gardama a ƙarƙashin bishiyar makaranta. Suna cewa idan ka koya wa yaro ya bari a wuce shi, ka koya masa ragwanci, kuma wanda ya tsaya baya tun farko ba ya sake ganin na gaba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar ta biyu. A kuros ana tashi ne a dunƙule, kuma idan hanya ta matse, wanda ya yi sanyin jiki zai maƙale a bayan taro. Saboda haka yaro na bukatar ya ɗan yi hanzari a mita 100 ko 200 na farko ya samu wuri, sannan ya sauko kan gudun da zai iya riƙewa. Zancen ragwanci kuwa ban yarda da shi ba. Mu mutanen kokowa ne, kuma a kokowa ma mun san gwanin da ke barin abokin karawarsa ya gaji da kansa kafin ya ɗaga shi. Babu wanda ke kiran wannan rago. Makiyayin da zai kora garke daga kwarin Tarka zuwa wajen Bermo ma bai taɓa fara tafiyarsa da gudu ba.

Koyar da wannan ba ya bukatar kuɗi. Igiya mai tsawon mita 50 ta isa a auna zagayen mita 400 a filin makaranta, agogon wayar malami ɗaya kuma ya isa aji guda. A ce yaro na iya gudun kilomita 3 a minti 12. Ma'ana kowane kilomita minti 4, kowane zagayen mita 400 kuma sakan 96. Sai malami ya tsaya a layi yana faɗa masa lokacin kowane zagaye. Yawancin yara za su yi na farko a sakan 75 ko 80, na biyar kuma ya haura 110. Idan aka maimaita sau biyu a mako na wata guda, jikin yaro zai gane yadda sakan 96 yake ko babu agogo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar tsere kuma a raba masa hanyar gida uku a kansa. Kashi na farko na haƙuri ne: idan ba zai iya furta kalma uku ko huɗu ba tare da haki ya katse shi ba, ya yi sauri da yawa. Kashi na biyu na riƙewa ne, nan ne ya kamata ya manne wa wani rukuni mai gudu irin nasa, ya fake a bayansu idan iska na bugowa ta gaba. Kashi na uku na farauta ne: ya zaɓi rigar wanda ke gabansa ya kamo shi, sannan ya zaɓi ta gaba. A cikin yashi ya gajarta taku, ya bi sawun da aka riga aka tattake ko gefen da ƙasa ta fi tauri, kuma kada ya ce nan zai wuce mutum. A zagaya hanyar da yara a ƙafa kafin a fara, su san inda rairayi yake da inda ƙarshen yake. Idan kuma ana lissafin maki na makaranta ne, inda ake tara matsayin ƴan ƙungiya, a fahimtar da su cewa yaron da ya tashi daga na 20 ya dawo na 12 ya amfani makarantarsa fiye da wanda ya ja gaba na minti biyar sannan ya zauna. Duk wannan ya shafi ƴan mata kamar yadda ya shafi maza.

Ina da ƙorafi ɗaya a kan mu masu shiryawa. Na ga ranar da aka tara yara tun ƙarfe 7 na safe, aka bar su cikin rana ana jiran manyan baƙi, ba a busa usur ba sai wajen ƙarfe 11. Babu dabarar gudun da za ta ceci yaron da rana ta riga ta gasa. A yi tsere da sanyin safiya, jawabai su biyo baya. A ajiye ruwa a farko da ƙarshe. Duk yaron da aka ga yana tangaɗi ko maganarsa ta rikice a tsayar da shi nan take, a kai shi inuwa, a zuba masa ruwa a jiki, a nemi ma'aikacin lafiya. Wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba kuwa a bar shi ya yi kallo.

Ku kuma iyaye, ku zo ku kalli ƴaƴanku, zuwanku na ƙara musu ƙarfi. Amma ku ajiye ihun sai zagayen ƙarshe, lokacin da suka fi bukatarsa. Idan kun ga ɗanku a na goma a farkon tsere, kada ranku ya ɓaci, wataƙila shi kaɗai ne ya ji maganar malaminsa. Idan ya dawo gida ku tambaye shi mutum nawa ya wuce a rabin ƙarshe kafin ku tambaye shi na nawa ya zo.

Ni dai har yanzu ana tsayar da ni a kwanar nan. Yanzu idan yaranmu suka iso a zagayen farko, abin da nake ce musu shi ne "sannu-sannu, da sauran tafiya." Na so a ce abin da na faɗa wa wancan ɗalibi ke nan. Allah ya sa mu gyara.