Kimiyya a Aljihu: Gilashin Waya Ya Karce, a Shafa Masa Makilin?

Tambayar da za mu duba a wannan mako ta daɗe tana yawo a bakin ɗalibai, musamman da hunturu ko bayan hawan Sallah: gilashin waya ya yi 'yan zane-zane, an ce a shafa makilin a murza, wai za su ɓace. Gaskiya ne?

Mun san dalilin da ya sa tambayar ke zuwa da gaggawa. Yawancin wayoyin da ke hannun 'yan sakandare ba nasu ba ne. Ta Baba ce aka ara don duba sakamakon WAEC ko NECO, ko ta Yaya ce aka karɓa don ɗaukar hoton dawaki ranar Hawan Magajiya. Kafin a mayar sai a ga layi fari siriri ya ratsa fuskarta, gaba ya faɗi, a shiga neman abin da zai ɓoye shi kafin mai ita ya dawo daga masallaci. A cikin wannan gaggawar ake mayar da ƙaramin karce babbar ɓarna. To, a ajiye makilin tukuna, mu fara da abin da ya karce gilashin.

Da yawa makulli suke zargi, ko kwabbai da ke aljihu. Sau da yawa ba su da laifi. A shekarar 1812 wani Bajamushe masanin duwatsu, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai goma bisa taurinsu, daga lamba 1 zuwa 10. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: abu yana karce wanda bai kai shi tauri ba, amma ba ya iya karce wanda ya fi shi. A lamba 1 akwai dutse mai laushi da ake yin hodar shafa da shi, a lamba 10 akwai daimon. Farcen mutum yana wajen 2.5. Tagulla da irin ƙarfen da ake yin yawancin makullai suna tsakanin 3 da 4. Gilashin taga yana wajen 5.5, na waya kuma wajen 6. Ke nan makulli na yau da kullum bai isa ya yanki gilashin waya ba, sai dai ƙarfe mai tauri sosai irin na magagari.

Sai lamba 7. Nan ne ma'adinin da masana ke kira kwaz yake, wato farin dutsen nan mai ƙyalli da muke ce wa ƙanƙara. Shi ne mafi yawan abin da ke cikin yashi. Duk wanda ya taka ƙasar Daura ya san a kan me muke zaune: daga Sandamu zuwa Zango, daga Baure zuwa Mai'aduwa har iyakar Kongolam, jigawa ce da rairayi. Ƙwayar yashi ɗaya tak da ta faɗa aljihun wandon makaranta ko ƙasan jaka ta fi gilashin waya tauri. Da hunturu kuma iska tana kawo mana ƙari daga nesa. Babban tushen hazon da ke rufe mu shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, inda ƙura ke tashi da yawan da har wani ɓangarenta yake tsallaka teku ya sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka. Wadda ke sauka a kan wayoyinmu tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin kwaz, ta kuma haɗu da wadda iska ta kwaso daga gonakinmu.

Saboda haka babbar hanyar da muke karce waya ita ce wadda muke ganin tsafta ce: a ga ƙura a fuskarta, a kama bakin riga ko gefen hijabi a murza da ƙarfi. Ƙurar da ke kan gilashi da wadda ke jikin tufa sun haɗu sun zama samfefa, mu da hannunmu muka goga.

Shi kansa gilashin ba irin na taga ba ne. Lokacin da kamfanin Apple ke shirin fitar da iPhone ta farko a 2007, an fara gwada ta da fuskar roba, sai aka ga tana saurin karcewa a aljihu, aka koma wa kamfanin Corning na jihar New York a Amurka, wanda ya samar da gilashin da aka sani yau da Gorilla Glass. 'Yan ajin kimiyya su buɗe kunne a nan. Ana tsoma gilashin cikin narkakken gishirin fotasiyam mai zafin kusan digiri 400 a ma'aunin Salshiyos. Ƙwayoyin sodiyam da ke saman gilashin sai su fita, na fotasiyam su maye gurbinsu. A jadawalin sinadarai sodiyam ne na 11, fotasiyam na 19, kuma ya fi shi girma. Kamar a fitar da yara daga benci a zaunar da manya ne adadinsu ɗaya: kowa ya matsu, babu wurin motsi. Wannan matsin ne ke hana ƙaramin rauni buɗewa ya zama tsagewa. Amma a saman gilashin kawai yake, siriri ne ƙwarai, gilashin gaba ɗaya ma bai kai kaurin milimita ɗaya ba. A bisansa kuma akwai wani shafe da ido ba ya gani, mai korar maiƙo, wanda shi ke sa yatsa ya zame sumul, shatin yatsa kuma ya goge da sauƙi. Ba kowace waya ce ke da gilashin Corning ba, amma Tecno da Infinix da itel da Samsung da muke riƙewa duk kusan wannan dabara ake bi wajen ƙarfafa fuskarsu.

Yanzu mu dawo kan makilin. Karce rami ne, komai ƙanƙantarsa. Wanda ya taɓa noma ya san hanya biyu ce kawai ake daidaita kwari da kunya: ko a cike kwarin, ko a baje kunyar. Goge karce yana nufin a cinye duk gilashin da ke kewaye da shi har ya sauko daidai da ƙasan ramin. Makilin yana da ɗan gari mai kaushi da aka sa don ya cire dauɗar haƙori, an kuma auna shi yadda ba zai cinye haƙorin ba. Bai isa ya baje gilashi ba. Abin da ya isa ya ci shi ne wancan shafen mai korar maiƙo. Sai a wayi gari karce yana nan, kewayensa kuma ya yi dishi-dishi, yana kama shatin yatsa kamar an ci ƙosai a kai. In an yi rashin sa'a jiƙaƙƙen makilin ya gangara cikin ramin sifika ko wurin caji, magana ta koma wurin mai gyara.

Wannan shawara ba daga sama ta faɗo ba. A zamanin 'yar Nokia mai maɓalli, fuskar waya roba ce, haka fuskar agogo mai araha da faifan CD. Roba tana da laushi, makilin kan ɗan rage mata karce. Shawarar ce ta tsufa, wayoyi suka canza suka bar ta a baya, ita kuwa ba ta daina yawo ba.

Bekin soda, toka, kanwa da man goge ƙarfe duk jirgi ɗaya ya kwaso su da makilin. Toka ma ta fi muni, don da wuya a ɗebo ta daga murhu babu yashi a ciki. Samfefa kuwa kada ma a fara. Akwai hoda guda da take cin gilashi da gaske, ana kiranta siriyam oksaid, da ita masu yin tabarau da masu gyaran gilashin mota ke aiki. Amma ko a hannun gwani tana cire shafen saman, tana rage ɓangaren da aka ƙarfafa, in kuma hannu ya fi nauyi a gefe ɗaya sai rubutu ya riƙa lanƙwashewa a wurin. Ra'ayinmu shi ne waya ba wurin koyon wannan aiki ba ce, balle wayar aro.

Saura hanyar cike kwari, kuma a nan ne labari mai daɗi yake. Me ya sa muke ganin karce tun farko? Haske yana ratsa lafiyayyen gilashi kai tsaye, amma in ya iso ramin karce sai ya tarar da iska da bango mai kaushi, ya warwatse, ido ya ga layi fari. Wanda ya kai darasin lanƙwasar haske a fiziks zai tuna cewa gilashi yana da lamba kusan 1.5, iska kuma 1. Man gyaɗa da basilin suna kusa da lambar gilashi. Shi ya sa in aka shafa ɗan basilin sai karce ya yi kamar ya tafi. Bai tafi ba, ɓuya ya yi, da an goge ko an sa a aljihu zai dawo, man kuma ya riƙa kama ƙura. Amma dabarar daidai take, abin cikewar ne bai dace ba. Wanda ya dace shi ne gam ɗin da ke bayan sikirin gad. Idan aka manna gad na gilashi a kan fuskar da ta yi ƙananan karce, gam ɗin yana shiga ramukan ya zauna, yawancinsu su daina ganuwa, musamman in fuskar tana kunne.

Kafin a je nan, a fara tabbatar da abin da ake gani. Wayoyi da yawa suna fitowa daga kwali da 'yar leda siririya manne a fuskarsu, wasu kuma an sa musu gad tun ranar saye an manta. A duba gefe da kewayen kyamarar gaba. In akwai, to mai yiwuwa ita ce ta karce, ta yi aikinta ke nan, sai a canza ta. In babu, a kashe wayar, a hure ƙurar da baki tukuna, sannan a goge a hankali da ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, a ɗan jiƙa gefensa kaɗan. Kada a zuba ruwa ko turare a kan wayar kai tsaye. Wani abin da ake zaton karce ne, shatin makulli ne kawai: ƙarfen ne ya goge a jikin gilashi kamar yadda alli ke gogewa a allo, kuma yana fita da ƙyalle ko da farar kilina mai tsabta. Abin da ya rage bayan wannan sai a gwada shi da farce. A ja farce a hankali ya tsallaka layin. In ya wuce bai ji komai ba, karcen bai yi zurfi ba, wataƙila ma a shafen sama ya tsaya, gad zai rufe shi. In farce ya maƙale, ramin ya yi zurfi, gad zai rage shi ya kuma kare gilashin, amma za a ci gaba da ganinsa.

Manna gad da hunturu sai da dabara, domin ƙwayar ƙura ɗaya tana barin kumfar iska. A yi shi a cikin ɗaki, a rufe taga, a kashe fanka, a yayyafa ruwa a ƙasa. Ƙurar da ta sauka a fuskar a ɗauke ta da salatif, kada a share da yatsa. Wanda bai saba ba gara ya kai wa masu sayar da kayan waya su manna, aikin 'yan mintuna ne. A faɗa musu ainihin samfurin wayar don kada gad ya rufe kyamara. In wayar tana karanta yatsa ta cikin fuska, a sake yi mata rajistar yatsan bayan an manna.

Af, ga wani abu da ke ruɗin masu saye. Kusan kowane kwalin gad an rubuta masa 9H ɓaro-ɓaro, sai a zaci lamba 9 ce ta Mohs, dab da daimon. Ba ita ba ce. Ma'aunin fensir ne, irin HB da 2B da kuke zana taswira da su, 9H shi ne mai tauri a cikinsu. Ma'anarsa fensir mai tauri bai karce gad ɗin ba. Yashin Daura zai karce shi sarai. Amfaninsa shi ne kuɗinsa kaɗan ne, ana ɓare shi a sa wani, alhali canza fuskar waya ya ninka shi sau da yawa, don a yawancin wayoyi gilashi da allon hoto manne suke, tare ake canza su.

Tsagewa kuwa daban take da karce. In layin ya taso daga gefe ko kusurwa, ko yana ƙara tsawo, ko wani wuri ya daina jin yatsa, ko baƙin tabo ya fito kamar tawada, babu gad ɗin da zai gyara. Wannan sai mai gyara, a nan cikin gari ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano in kayan ba su samu ba. Kafin a miƙa waya a cire layi da memori, a kwashe hotuna. 'Yan aji shida su fi kowa kula: layin da aka tura saƙo da shi zuwa 55019 aka buɗe rajistar JAMB, ta nan saƙonnin hukumar ke zuwa, ba abin bari a shagon kowa ba ne. In kuma wayar ta aro ce, a nuna wa mai ita kafin a manna mata komai. Karcen da yashi ya yi kowane babba ya san yana faruwa, amma fuskar da aka murje da makilin ba ta da bayani mai sauƙi.

Ga aikin gida, ba ya buƙatar waya, don mun san makarantu da yawa sun hana zuwa da ita, kuma ba mu ce a karya doka ba. A samo kwalbar lemo lafiyayya wadda ba ta fashe ba, a wanke ta, a shanya. A goga mata makulli a gefe ɗaya, a share wurin da jiƙaƙƙen ƙyalle, a duba. A ɗaya gefen a ɗora ɗan yashi a tsumma a murza sau goma, a wanke, a bari ta bushe, a ɗaga ta a rana. Sannan a ɗiga man gyaɗa a inda yashi ya ci, a sake dubawa. Ku rubuto mana abin da kuka gani a kowane mataki, da sunan makarantarku da ajinku, za mu kawo wasu daga cikin amsoshin a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.