Abin da muke wankewa daga jikinmu, Jakara yake tafiya

Duk wanda ya ratsa layin masu man shafawa a kasuwar Sabon Gari zai ga mayukan kare fata daga zafin rana sun yi yawa. Da dama daga cikinsu na ɗauke da sinadarin titanium dioxide ko zinc oxide, waɗanda kamfanoni ke sarrafawa zuwa ƙwayoyi ƙanana da ake kira nano, don kada man ya bar fari a fuska. Silin gashi ɗaya ya ninka irin wannan ƙwaya kauri sau ɗaruruwa.

Matsalar tana farawa ne bayan an yi wanka. Masu bincike a ƙasashen da ke bakin teku sun gano cewa ƙwayoyin na cutar da gansakuka, wato ƙananan tsirran ruwa da ke samar da kusan rabin iskar oksijin ta duniya. Idan hasken rana ya bugi titanium dioxide, yana haifar da sinadarai masu lalata ƙwayoyin halittarta. Shi kuwa zinc oxide narkewa yake yi ya zame mata guba. Wasu ƙwayoyin ma manne mata suke yi su tare haske. Ƙananan halittun ruwa da gansakuka suke rayuwa, kifi kuma da su yake rayuwa.

Wani zai ce ina ruwan Kano da teku? To, muna da Jakara. Ruwan kwatocin Fagge da Sabon Gari cikinta yake zuba, ya haɗu da na Getsi mai ɗauke da dattin masana'antun Bompai, ya nufi madatsar Wasai da ke Minjibir. A hanya ana ban ruwan latas da kabeji, a Wasai kuma ana kamun kifi. Ruwan da ya riga ya jigata ne ake ƙara wa kaya.

Ba muna cewa a daina shafa man kariya ba ne, musamman ga zabiya da rana ke yi wa illa sosai. Amma tun 2013 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta kalmar nano a jerin sinadaran kayan kwalliya. Ya kamata NAFDAC ta tsaya kai da fata kan irin wannan ga duk abin da ke shigowa kasuwanninmu. Hukumar NESREA da Jami'ar Bayero kuma su riƙa auna waɗannan ƙwayoyi a ruwan Jakara da Wasai, rani da damina, su fito da sakamakon da Hausa yadda masunta da manoman lambu za su ji.