Harajin Skotlan: Samun Iko Daban, Samun Kuɗi Daban

’Yan’uwa, tun da aka buɗe majalisar dokokin Skotlan a 1999, yankin yake ta neman ƙarin iko daga Landan. Dokar da aka yi a 2016 ta ba shi damar yanka wa mazaunansa harajin albashi, ya kuma fara amfani da ita a 2017. Ya kamata mu duba abin da ya biyo baya.

A shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025, Ingila tana da matakan haraji uku: kashi 20, 40 da 45 cikin ɗari. Skotlan kuwa shida gare ta, daga kashi 19 har zuwa 48. Ma’aikaci a Skotlan yana shiga matakin kashi 42 da zarar albashinsa na shekara ya wuce fam 43,662, alhali takwaransa na Ingila sai ya wuce fam 50,270 kafin a karɓi kashi 40.

Gwamnatin jam’iyyar SNP ta ce mai ƙarfi ya kamata ya ɗauki kaya mafi nauyi. Tana nuni da karatun jami’a da ’yan yankin suke yi kyauta, da maganin da likita ya rubuta wanda ba a biya, da tallafin mako-mako ga yaran marasa galihu da aka soma a 2021. ’Yan kasuwa da ’yan hamayya kuma suna cewa likita ko injiniya yana iya rage aiki, ko ya tsallaka Ingila, tun da babu shinge tsakaninsu.

Ga inda gizo ke saƙa. Da aka miƙa wa Skotlan harajin, sai aka rage kason da baitulmalin Birtaniya yake aika mata. Ragin yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda harajin albashi yake bunƙasa a sauran ƙasar. Saboda haka, in albashi ya fi saurin hawa a Landan, wani ɓangare na ƙarin da Skotlan ta ɗora wa mutanenta cike giɓi kawai zai yi, ba zai kai asibiti ko makaranta ba. Ke nan ɗaga haraji ba ya wadatarwa sai ayyukan yi da albashi sun ƙaru tare da shi.

Wannan ya shafe mu, domin mu ma a Najeriya mun ga yadda Jihar Ribas ta kai ƙara kan harajin VAT har ta yi nasara a babbar kotun tarayya a 2021, muhawarar rabon kuma ta sake tashi a 2024. Jihar da ta karɓi ikon haraji ta karɓi hasararsa ma.

Manzo Bulus ya koya mana biyan haraji a Romawa sura 13, ya kuma ɗora wa mai mulki nauyin yi wa jama’a hidima. Don haka mu biya da gaskiya, mu kuma tambayi shugabanninmu abu biyu: ina kuɗin ya tafi, kuma mutum nawa suka sami aikin yi bana?