Amsa Tukuna, Shimfiɗa Daga Baya

Wanda wayarsa ta cika har WhatsApp ya daina sauke hoto, mafita yake nema a Google, kuma datarsa tana tafiya. Amma wasu marubutan fasaha sai sun cinye sakin layi uku kan muhimmancin waya kafin su ce a shiga saitin WhatsApp a goge manyan bidiyoyi. Kafin nan mai karatu ya gudu.

Ya kamata marubuci ya zaɓi tambaya ɗaya, ya sa ta a kanun rubutu, ya amsa ta a layin farko, matakai su biyo baya. Tun 2015 Google ke fifita shafukan da suka dace da waya, kuma ƙaramin allo ba ya ɗaukar doguwar shimfiɗa. Wanda aka biya wa buƙata da wuri, shi ke dawowa gobe.