Jinkirin jirgi da ran alhaji: Yadda dokar sufurin sama ta shafi mutumin Dutsin-Ma

Babu filin jirgin sama a Dutsin-Ma, babu a Kurfi. Amma duk shekara maniyyatan waɗannan garuruwa sukan kama hanyar Katsina, su sauka a sansanin alhazai, su jira jirgin da zai ɗebe su daga filin jirgi na Umaru Musa 'Yar'adua zuwa ƙasa mai tsarki. Malaman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da 'yan kasuwa da masu neman magani su ma sun ƙara raja'a ga jirgi tun da hanyoyin mota suka zama abin fargaba.

A sansani babu kalmar da ke tayar da hankali kamar "an ɗage tashi". Nan da nan guna-guni ke tashi, ana zargin kamfani, ana zargin hukuma. Wani lokaci zargin daidai ne. Amma akwai jinkirin da doka ce ta tilasta shi, kuma irinsa ne ke mayar da alhaji gida da ransa.

Arewa ta biya kuɗin wannan darasi da tsada. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgi ƙirar DC-8 da kamfanin Nigeria Airways ya yi haya daga kamfanin Nationair na Kanada ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ɗauke da alhazai. Biyu daga cikin tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. Bincike ya nuna an san da matsalar kwanaki kafin tashin, an kuma yi wa takardar gyara kwaskwarima. Da makaniki ya nemi a ƙara iskar, ba a samu nan take ba, mai kula da jigilar kuma bai yarda a jinkirta ba. Tayoyi suka fashe a kan titin tashi, wuta ta kama, aka naɗe su cikin jirgi da wutarsu. Duka mutum 261 da ke ciki suka rasu. Gudun ɗan jinkiri ne ya jawo wannan asara.

Ranar 4 ga Mayun 2002 jirgin kamfanin EAS ya faɗa kan gidajen unguwar Gwammaja a Kano, fiye da mutum 100 suka rasu, cikinsu har da waɗanda ke zaune a gidajensu ba su sayi tikiti ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa lafiyar jirgi ta shafi har wanda bai taɓa hawansa ba. Sai haɗarin Bellview da na Sosoliso a 2005, sannan na ADC ranar 29 ga Oktoban 2006, wanda ya yi ajalin Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido jim kaɗan bayan tashi daga Abuja cikin mummunan yanayi.

Bayan waɗannan musibu ne aka kafa Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2006, wadda ta ba Hukumar NCAA 'yancin yanke hukunci kan lafiyar jirage ba tare da jiran umarnin 'yan siyasa ba, ta kuma ware wa binciken haɗurra hukuma ta daban. A 2010 Amurka ta sanya Najeriya a rukunin farko na ƙasashen da ta gamsu da yadda suke sa ido kan jiragensu. A 2022 aka sabunta dokar, aka kuma kafa Hukumar NSIB mai binciken haɗurra.

Tushen duk wannan shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Chicago a 1944, wadda ta haifar da Hukumar ICAO mai ƙasashe 193. Saboda ita ne matuƙin da ya koyi aiki a kwalejin Zariya da mai ba shi izinin sauka a Madina suke aiki da ƙa'ida ɗaya: awa nawa matuƙi zai yi kafin ya huta, yaushe za a kwance inji a duba, nauyi nawa jirgi zai ɗauka, wane irin hazo ne ke hana sauka.

Sai dai rubuta doka abu ne mai sauƙi. Ana gane ƙarfinta ne ranar da ta hau kan na gida. A Yulin 2023 NCAA ta dakatar da jiragen Boeing 737 na Max Air, kamfanin Alhaji Ɗahiru Barau Mangal, bayan wasu matsaloli da suka haɗa da ficewar taya da samun ruwa a cikin mai a Yola. A ƙarshen Janairun 2025 an sake dakatar da jigilarsa ta cikin gida bayan wani jirginsa ya samu matsala wajen sauka a Kano, inda fasinjoji suka fita lafiya. Bayan bincike aka ba shi izinin komawa aiki.

Bakatsine na iya jin zafin wannan, kuma yana da hujja. Jiragen da ke zuwa Katsina ba su da yawa. Idan aka tsayar da ɗaya, tikiti ya yi tsada, ma'aikata su shiga zullumi, matafiyi ya koma hanyar da yake gudu. Amma asarar 'yan makonni ana mayar da ita, rai kuwa ba ya dawowa. Kamfanin da aka tsayar aka duba, ya gyara ya dawo, ya fi cancantar a amince masa.

Inda doka ke rauni shi ne wajen manya. A Agustan 2025 an ga bidiyon mawaƙi KWAM 1 tsaye a gaban jirgin ValueJet a Abuja bayan taƙaddama kan wani gora da ya so shiga da shi. An hana shi hawa jirgi, amma cikin 'yan kwanaki aka sassauta hukuncin. Jami'in da ke duba kaya a ƙofa yana kallo, kuma gobe zai yi tunani kafin ya tare wani mai suna. Idan aka kwance jakar tsohuwa daga Kurfi aka cire mata kwalbar turare, to mai babbar riga ma a kwance tasa.

Fasinja shi ma yana da nasa nauyin. Hana ɓoye ruwan Zamzam a cikin jaka, ƙayyade kilon kaya, hana sa batirin cajin waya a kayan da za su shiga ƙarƙashin jirgi, duk suna da dalili. Nauyin da ya wuce kima yana shafar tashin jirgi, batirin da ya kama da wuta a inda babu mai gani kuma babbar barazana ne. Tawakkali bai taɓa hana ɗaukar mataki ba.

Dokar kuma ta ba fasinja haƙƙi. Ƙa'idojin NCAA sun wajabta wa kamfani ya yi bayani idan an samu jinkiri, ya ba da abin taɓawa, ya mayar da kuɗi ko ya samar da masauki gwargwadon tsawon jiran. Kamfanin da ya bar mutane a zube babu bayani shi ke sa a daina yarda da shi ranar da ya faɗi gaskiya cewa gyara ake yi.

Saboda haka ya kamata Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina ta ba waɗannan ƙa'idoji wuri na musamman a bitar maniyyata a Dutsin-Ma da Kurfi da sauran ƙananan hukumomi, tare da dalilin kowace. NSIB ta riƙa fitar da taƙaitaccen sakamakon bincikenta da Hausa, domin iyalan waɗanda abin ya shafa su san abin da ya faru. 'Yan majalisar da ke wakiltar yankin kuma su tsaya kan a ba NCAA isassun masu duba jirage da albashin da zai hana a saye su, su kuma daina ɗaga waya suna neman alfarma a saki jirgin da injiniya bai sa wa hannu ba.